Wadda Ta Mayar da Itacen Jego

Ranar da Gwaggo ta rasu, tsakar gidanmu na Tudun Wada ta cika da mata har ba wurin shimfiɗa tabarma. Ina zaune a bakin ɗakinta ina amsa gaisuwa, kunnena kuwa yana can yana tsintar abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa da ta tako tun daga Gyallesu kuka take yi tsakaninta da Allah, tana cewa, "Yanzu wa zai wanke mu?" Wata ta gyara lulluɓi ta ce, "Allah ya jiƙanta, mace mai ƙoƙari, sai dai bakin nan nata." Ta kusa da ita ta karɓe, "Allah dai ya yafe mata kashe auren yarinyar nan da ta yi." Suka waigo suka dube ni, suka yi maza suka kawar da kai.

Ni ce yarinyar. A ranar ban tanka ba, don gidan makoki ba wurin sa-in-sa ba ne. Amma wallahi ba zan bari Gwaggo ta tafi da wannan shaida kaɗai ba. Ɗan bokon da na koya a ajin mata na yaƙi da jahilci ba shi da yawa, amma ya isa in faɗi abin da idona ya gani. Wanda ya ji haushi, shi ya sani.

Gwaggo yayar Babana ce, ita ta raine ni tun ina cikin tsumman goyo, don uwata ta rasu ne a jegon haihuwata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Doguwa ce busasshiya, kullum da goro a kunci da mazari a hannu, tana kaɗi tana magana, ba ta duban zaren ba ta kuma duban wanda take yi wa maganar. Sana'arta kaɗi, amma abin da unguwa ta san ta da shi wankan gawa ne. Duk macen da ta mutu a shiyyarmu, babba ko jaririya, Gwaggo ake kira. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ba ta kuma taɓa cin ko lomar tuwo a gidan da ta yi wanka ba. Takan ce, "Su da aka yi wa rashi suke buƙatar mai ba su, ba mai cinye musu ba."

Mutuwa kuwa ba baƙuwa ba ce a Tudun Wadar da na tashi a ciki. Bazara ta shigo da sankarau, mutum ya tashi lafiya da safe, wuya ya sandare, kafin a yi me an kai shi. Damina ta sauka, rijiyoyi su cika su haɗu da ƙazantar unguwa, yara su kama gudawa da zazzaɓi su yi ta zubewa. Agana ta ratsa, ta bar wasu da zane a fuska, ta makantar da wasu, ta tafi da saura. Mace ba ta sakin jiki da ɗanta sai ya yi ƙyanda ya tashi. Ga tarin fuka mai cin mutum a hankali, ga doguwar naƙuda. Duk da haka, ka tambayi kowa me ya kashe wance, amsar ɗaya ce: lokaci.

Wannan amsa ita ce Gwaggo ta tsana. Ana cikin koke-koke sai ka ji muryarta: "Yaushe ciwon ya fara? Me ta ci? A wace rijiya kuke ɗibar ruwa?" Mutane su tsuke fuska. Ita ko a jikinta. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji ta. Ko ƙyanda da ake sakayawa ana ce mata baƙon dauro, Gwaggo da sunanta take kiranta. "Baƙon ina? Baƙon da zai shigo gida ya kwashe 'ya'yan mai gida?"

Har gaban limamin unguwa aka kai ƙararta. Ya zo zauren Baba ya ce masa ya ja wa yayarsa kunne, tambayoyin nan nata sun yi kama da tuhumar Ubangiji. Ashe tana bayan ƙofa. Ta yi gyaran murya ta ce, "Allah gafarta Malam, ni ba Allah nake tambaya ba, mutane nake tambaya. Ajali na Allah ne, na yarda. Amma masai ɗin da aka haƙa a gindin rijiya, shi ma Allah ne ya haƙa?" Liman ya ja carbinsa ya ce da Baba, "Yayar nan taka sai addu'a." Baba ya yi kwanaki ba ya iya haɗa ido da shi a masallaci.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya haɗa ta da garin gaba ɗaya jego ne.

Kowa ya san yadda ake yi. Mace ta haihu, a ɗora ƙatuwar tukunya, ruwa ya tafasa da ganyen runhu ko na tsamiya, a riƙa tsoma ganyen ana fyaɗa mata a jiki safe da yamma har ta yi arba'in. Ta fito daga nan a kwantar da ita a gadon ƙasa, an cika ramin ƙarƙashinsa da garwashi, a rufe ƙofa da taga. A dama kunun kanwa, kanwar har tana ɗaci, a ɗura mata ƙwarya bayan ƙwarya. Wai don jiki ya gasu, nono ya kawo, kada sanyi ya shige ta. In kuwa ƙafafunta suka fara kumbura, ta fara haki, ta kasa kwanciya sai a jingine, sai a ce ai ga shi nan, sanyi ya shige ta, wankan bai yi zafi ba. A ƙara itace, a ƙara kanwa.

Haka aka yi wa uwata, kuma Gwaggo ce ta yi mata da hannunta. Ba ɓoyayyen abu ba ne, ita ce ma take fara faɗa. A lokacin har yabonta ake yi, ana cewa ba mai gasa mai jego kamarta. Ta gasa uwata, uwata ta kumbura, ta ƙara wuta, uwata ta mutu, ta wanke ta. Daga nan ta fara lura. Shekara da shekaru tana wanke masu jego, mafi yawa a tsakiyar bazara, ciki da ƙafafu a cike da ruwa, fata duk tabon ƙuna. Takan ce, "Ban taɓa wanke wadda aka yi wa ha'incin wanka ba. Duk waɗanda nake wankewa 'yan gata ne, waɗanda aka fi kashe wa itace."

Muna da maƙwabciya Kirista, matar wani malamin makarantar mishan, mutuniyar kirki, suna musayar wuta da gishiri ta kan katanga. Wata rana ina tsefe wa Gwaggo kai na ji ta tambaye ta, "Ni kam, ku in kun haihu, kuna hawa gadon wuta?" Matar ta yi dariya ta ce ita dai ruwan ɗumi take wanka da shi, ta sha kunun gyaɗa, shi ke nan. "Kuma ba ki taɓa kumbura ba?" Ta ce ga ta nan dai, ga 'ya'yanta suna ta ɓarna a gida. Gwaggo ta ci gaba da murza mazari. Can ta ce, "To sanyin nan mai wayo ne, ya san gidan da yake shiga."

Tun daga nan ta daina yi wa kowa wankan jego, ta koma bi gida-gida tana cewa a rage wuta, a bar kanwa. "Kanwar da ke narkar da wake a tukunya, ita za ku ɗura wa ɗanyen jiki?" Aka ce ta zautu. Wasu suka ce yawan taɓa gawa ne ya taɓa ta. Ana kiranta in an mutu, ana rufe mata ƙofa in an haihu.

Sai abin ya zo kaina. An aurar da ni ga wani tela mai shago a hanyar Kongo, mutum mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Asalinsu cikin Birni ne, sana'a ce ta fito da su Tudun Wada, amma uwarsa ba ta bari a manta. A wurinta mu 'yan bayan ganuwa tarkace ne, ba mu san al'ada ba. Da cikina na fari ya tsufa aka mayar da ni gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Na haifi ɗa namiji a tsakiyar bazara, irin zafin da ko ƙadangare yake neman inuwa.

Washegari da hantsi jakai suka tsaya a ƙofar gida, an yi musu lodin itace har ba a ganin kunnuwansu. Ga buhun kanwa, ga kayan yaji, ga ƙafafun sa na ƙauri. Uwar mijina ta yi bajinta, tana so unguwa ta gani. Gwaggo ta fita ta tsaya a bakin zaure. Ta karɓi yaji, ta karɓi ƙafafun sa, ta ce wannan kam ba ta taɓa wanke wadda suka kashe ba. Sa'an nan ta dubi mai jakan ta ce, "Juya da su. Ka ce an gode, itace da kanwa a mayar." Ta dawo ciki ta kwaɓa ƙasa, ta durƙusa ta toshe ramin wutar gadon da nake kai, ta shafe shi sumul.

Tabɗi! Kafin azahar labari ya gama unguwa. Da la'asar sai ga uwar mijina da ƙannenta mata, ko sallamar kirki ba su yi ba. Ina kwance a ɗaki ina jin kome.

"Itacen ne ya yi kaɗan, ko mu ne ba mu isa ba?"

"Itace ya isa, har ya yi yawa," in ji Gwaggo. "Ku zauna ku sha ruwa."

"Ba zama ya kawo mu ba. Haka aka yi wa iyayenmu, haka aka yi mana, ga mu nan da ranmu."

"Ke ga ki nan. Waɗanda ba sa nan fa? Ni na san su, ni na ɗaure musu haɓa."

"Ikon Allah! Wadda ba ta taɓa jin zafin naƙuda ba, ita za ta koya mana jego?"

Ba a taɓa yi wa Gwaggo wannan gorin a fuska ba. Na ji ta ajiye mazari a cikin ƙwarya. Ta ce, "Gaskiya kika faɗa, ban haifa ba. Amma waɗanda kuka haifa, ni nake wanke su."

Uwar mijina ta ce to a ji da kyau: ɗanyar mace mai ƙarnin jego ba za ta koma ɗakin ɗanta ba. Ko a yi wanka yadda aka gada, ko a riƙe ni. Baba ya leƙo daga zaure yana, "Yaya, a duba dai, a duba." Gwaggo ta ce masa, "Kai ka taɓa dubawa, ka ga abin da ka samu. Koma zaurenka."

Ni kaina ban goyi bayanta ba, kada a ce na yi ƙarya don ta mutu. Da suka tafi na fashe da kuka, na ce Gwaggo ki rufa mini asiri, ki bari a yi mini kamar kowa, zan jure. Ina tsoron sanyin da ake faɗa, ina tsoron bakin mutane, ina kuma son ɗakina. Ta zauna a bakin gadon ta ɗauki jaririn tana jijjiga shi. Ta ce, "Ki yi kukanki. Gara in ga bazawara tana zagina a tsakar gidan nan da in ga matar aure a kan makara. Na ba wutar nan uwarki. Ke ba ta samun ki."

Ta yi mini wanka da ruwa mai ɗumi, ta bar ƙofa da taga a buɗe, ta yi ta ba ni kunun gyaɗa da romo. Mata suna shigowa barka suna satar kallon ƙafafuna, suna jiran su ga kumburi. Ita kuwa sai ta yaye zanen da kanta ta ce, "Ku duba da kyau, kada ku koma da rabin labari."

Bayan suna da 'yan kwanaki kawun mijina ya zo ya shaida wa Baba cewa an sawwaƙe mini. Mijin nawa ko leƙowa bai yi ba, an ce yana shago yana share hawaye da ƙyallen ɗinki. Oho, hawayensa bai tsinana mini kome ba. Na daina yi wa Gwaggo magana. Ta kawo abinci in juya mata baya, ta ajiye ta fita, ba ta taɓa ba ni haƙuri ba.

A cikin wannan bazarar ƙanwar mijina ita ma ta haihu, 'yar lelen uwarta, yarinya mai fara'a wadda muke kitso tare. Itacen da aka mayar daga gidanmu aka haɗa da nata. Uwarta ta ɗaura ɗamara za ta nuna wa Tudun Wada yadda 'yan asali suke jego. Muka fara jin an ce ƙafafunta sun hau, sai aka ce tana haki, sai aka ce an ƙaro jakai. Gwaggo ta yafa mayafi ta tafi gidan, aka tare ta a zaure aka ce ba a buƙata. Ta tsaya a waje ta ɗaga murya, "Ku kashe wutar nan! Ku kai ta asibiti!" Aka turo yara suka yi mata ature.

Ranar da aka aiko kiran Gwaggo wankan gawar yarinyar, da safe ne, ina shanya tsummokin jariri. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Waɗanda suke wurin sun ce da ta gama wankan ta fito, uwar yarinyar tana zaune a ƙasa kamar an zare mata laka, ta ɗago ta dubi Gwaggo ta ce, "Lokaci ne." Kowa ya zuba wa Gwaggo ido, don an san bakinta. Sai ta durƙusa ta kama hannunta ta ce, "Lokaci ne. Allah ya ba ki haƙuri."

Da ta dawo, a ranar na fara yi mata magana. Na ce, "Gwaggo, ke da kike faɗa da liman a kan kalmar nan, yau ke ce kika faɗe ta?" Ta wanke hannu da toka, ta daɗe tana goge su. Ta ce, "Wadda ta hura wutar da hannunta, me kike so in ƙara mata? Ta sani. Za ta kwana da shi ta tashi da shi, ni na san nauyinsa." Sa'an nan ta shiga ɗaki ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba.

Kada wani ya zaci daga nan aka zo biko. Ba a zo ba. Ganina ina yawo da ƙafafuna shi ne abin da uwar mijina ba za ta iya jurewa a gidanta ba. Da na yaye ɗana suka aiko aka ɗauke shi, wannan ciwo kuwa har gobe yana nan, ba na ɓoye shi. Unguwa ma ba ta tuba ba. Jakai suna nan suna shigowa da itace, Gwaggo ta ci gaba da wanke 'yan gata, ana ci gaba da cewa lokaci. 'Yan gidaje ƙalilan ne suka rage wuta, su ma a ɓoye, suna hura hayaƙi a tsakar gida don maƙwabta su ga kamar ana yi. Ni na sake aure a wajen Hanwa, na haihu, na sake haihuwa, kowane jego a ɗakin Gwaggo da ruwan ɗumi. Yanzu ana ta zancen mulkin kai a gari, ni dai na san mace ɗaya da ta karɓi nata tun ba a ba ta ba.

Tsufa ne ya ɗauke ta, da ɗan zazzaɓi na kwana kaɗan. Na faɗi sanadin don na san da tana nan sai ta tambaya.

Ranar sadakar uku, da yamma mutane sun fara raguwa, sai ga uwar mijina ta dā ta shigo tana dogara sanda. Rabona da ita tun ranar itace. Ta tsufa ƙwarai. Ta yi gaisuwa a taƙaice, ta zauna, ta ƙi tashi har tsakar gida ta kusa zama ba kowa. Sa'an nan ta matso, ba ta dube ni ba, ta ce matar autanta ta shiga watanta.

Na kama naɗe tabarma.

Ta ce, "Ruwan da ta yi miki wanka da shi. Kamar yaya ɗuminsa yake?"

Wallahi ina da abin faɗa. Aurena, ɗana, 'yarta, duk suna bakina, kuma ni Gwaggo ce ta raine ni, ban rasa yadda zan jera su ba. Na tashi na shiga madafa, na ɗebo ruwan zafi a ƙwarya, na surka shi da na randa, na gwada da gwiwar hannu yadda na ga ana yi mini. Na kawo na ajiye a gabanta, na kama hannunta na tsoma a ciki.

Na ce, "Kamar haka, Inna. Kuma ban da kanwa."

Ta bar hannun a cikin ruwan, ta daɗe ba ta cire ba.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka da bakinta da taurin kanta, ka fi mu sanin abin da ta yi da su. Ta tsaya ita kaɗai ta hana a gasa ni da raina. Kada ka bari wuta ta taɓa ta.